Bebiyar da Na Sayo Maimakon Injin Ban Ruwa

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sa ka buɗe wagga takarda cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah shi sauke ku Goronyo da ƙafar dama, shi tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, shi sa albarka cikin aikin asibitin da anka tura ka yi. Innarka na gaishe ku. Ita ta ɗaure takardar ga bakin ƙaramin buhun nan da na ce kada kowa shi kwance. Ka karanta ta har ƙarshe kafin ka taɓa shi, don ba naka ba ne.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ba ka daɗe da barin sa ba. Maganar talabijin ta sa na ɗauki biro. Ran da kake haɗa kaya na ji ka cikin zaure kana gaya wa abokinka albashinka na farko talabijin za ka saya wa amarya, don kada kaɗaici shi dame ta in kana wurin aiki. Na ji kuma ka ce babba kake so. Ka ɗauka barci nake bisa tabarma, to idona kaɗai ke rufe.

Ban hana ka ba. Yarinya ce, an raba ta da danginta an kai ta garin da ba ta san kowa ba, ta cancanci abin da zai ɗebe mata kewa. Sai dai ni ma na taɓa sayen talabijin, kuma ka san ta. Ita ce akwatin nan na bayan rumbu wanda kazar Innarka ke ƙwai ciki. Kun taso kuna gani kuna dariya, ba wanda ya taɓa gaya maku abin da ta ci mani. Ƙanena ta ci mani, Baffanka Sahabi, wanda yau yake garin da za ka zauna. Ban iya faɗa maka baki da baki ba, shi ya sa na rubuta.

Kana ƙarami ƙwarai lokacin, ba za ka tuna ba. Bayan rasuwar kakanka ni da Sahabi ba mu raba gona ba, gandu ɗaya munka ci gaba da yi. Tare muke noma, tukunya ɗaya, kuma abin da anka samu hannun babba yake zama, wato ni. Sahabi bai taɓa tambaya ta nawa anka sayar ba. Lambunmu na tafarnuwa ka san inda yake, can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha. In ranar ruwanmu ta zo dole mu kasance mu biyu. Ɗaya shi tsaya can sama wurin mararraba shi tsare, kada wani shi toshe mana hanya shi karkatar da ruwan gonarsa. Ɗaya kuma shi tsaya cikin lambu da fartanya, yana buɗe fangali yana rufewa. Ni nake tsayawa sama, don ni ke da baki da faɗa. Sahabi ke cikin fangula, don ya fi ni hannu da haƙuri.

Wata shekara tafarnuwa ta yi kyau, kuma ta yi kuɗi. Sahabi ya ce mani, “Yaya, mu sayi injin ban ruwa mu huta da jiran kanal. In sun hana mu, mu jawo daga gulbi.” Na ce ya yi magana. Munka yi shawara gaban Innarka da matarsa, anka tsayar ni zan tafi Sakkwato in sayo. Ka riƙe wannan, Nura: inji anka aike ni saye, da kuɗin guminmu mu biyu.

To a unguwarmu lokacin gida ɗaya ke da talabijin, gidan Malam Danladi, wani malamin firamare Kirista mutumin Zuru, mutumin kirki. 'Yar ƙarama ce, baƙi-da-fari, da batirin mota take aiki. In tasha ta buɗe bayan la'asar sai shi fito da ita ƙofar gida shi ɗora bisa kujera, unguwa ta taru. Ni ma ina zuwa, ina tsayawa baya-baya kamar wucewa nake. Ran nan ina tsaye wani ɗan majalisarmu ya ce, “Abdu, duk kuɗin tafarnuwar ga da anka ce kun yi, ashe sai wari? Har yau gidan malamin makaranta kake leƙe?” Anka yi dariya, ni ma na yi. Amma na koma gida maganar na cin raina, na kasa cin tuwo.

Ana gobe zan tafi Sakkwato na bi ta wurin Malam Danladi, na ce mashi in da mutum zai sayi talabijin wace iri ta dace. Ya dube ni ya gane mutumin ni ne. Ya ce, “Malam Abdu, in dai don Wurno ce, ka sayi ƙarama. Wutar garin nan ba ta da ƙarfi, tasha kuma tana da nisa. Kuma kada ka biya sai ka ji ta kama tasha da kunnenka.” Na yi godiya na fito ina cewa a raina, ai dole shi ce haka, ba ya son a fi shi. Ka ga irin tunanin ubanka. Mutum ya ba ni gaskiya kyauta, na fassara ta da hassada.

Saboda haka abu na farko, kafin ka sa hannu aljihu ka tambayi kanka don wa kake sayen ta. In don matarka ce, ɗakinku ɗaya ne da 'yar rumfa, inci goma sha huɗu ta ishe ku, irin mai doron nan a baya. Mutum ɗaya na iya ɗaukar ta, tana zama bisa ƙaramin tebur, ba ta shan wuta, kuma in ta lalace ka rungume ta bisa kabu-kabu ka kai gyara. Na ji an fara kawo wasu birni marasa doro, sirara kamar allo. Kada ma ka tsaya kallon su, ba a yi su don albashinka ba, kuma babu mai iya buɗe cikinsu a ƙauye. In kuwa ka ji zuciyarka na cewa babba don abokan aiki su zo su gani, to ka san jinina ne ke motsi jikinka, ka yi a'uziyya ka koma gida.

Na isa Sakkwato da niyyar inji, wallahi da niyyarsa na isa. Har na je na ga injin, na taya, mai shi ya ce in zagaya in dawo. Zagayawar nan ta kai ni layin masu kayan wuta. Wani shago na ga an jera talabijin 'yan Kwatano, waɗanda Turawa sunka gama amfani da su. Akwai wata ƙatuwa a tsakiya, jikinta kamar katako mai sheƙi, mai kala, an sa kaset ɗin bidiyo ana nuna kokawa. Ja ja ne, kore kore ne, ƙara kuwa har bakin titi. Mai shagon ya ga rigata da takalmina ya san daga ƙauye nake kuma da nauyi a aljihuna. Ya ce, “Alhaji, shigo ka zauna, irin taku ce ta manya.” Ban taɓa zuwa Makka ba lokacin, amma na amsa. Ya kawo mani kujera da ruwan sanyi, ya ba ni rimot ya ce in latsa da kaina.

Na tuna maganar Malam Danladi, na ce a kama mani tasha in gani. Ya ce ai tasha ba ta buɗe ba tukuna, kuma abin da ya nuna kaset mi zai hana shi nuna tasha? Na ji kunyar in ce zan jira, kada a ce Alhaji na tsoron kuɗinsa. Na ce wa kaina bana kanal bai yi mana rowa ba, inji na iya jiran baɗi. Kafin azahar kuɗin gandu sun koma aljihun wani, ni kuma ina neman mutum biyu su taya ni ɗaga kaya zuwa tasha.

Ga abin da ban sani ba, kai ka sani yanzu. Yawancin 'yan Kwatanon nan an ƙera su don tashoshin wasu ƙasashe. Da kaset lafiya lau suke, amma in sunka haɗu da tasharmu wata ta ba ka hoto babu murya, wata ta ba ka murya babu kala. Don haka ko sabuwa za ka saya ko ta hannu, ka sa a cire bidiyo, a sa eriya, a kama maka tashar da za ku riƙa kallo, ka ji mai labarai na magana. In an ce tasha ba ta buɗe ba, nemi inuwa ka zauna har ta buɗe. Ka bar ta kunne ta daɗe har bayanta shi yi zafi, don wata sai ta ɗumama take fara tsuke hoto ko ta ɗauke. Ka dubi kusurwoyin gilashin ko akwai tabon kore ko shuɗi. Ka juya ta ka dubi kusoshin baya, in sun sha sukudireba har sun cinye, an sha buɗe ta ke nan. Ka latsa maɓallan jikinta ɗaya-ɗaya, don rimot ɓacewa yake yi, balle in yara sun zo. Wanda ya hana ka yin wannan a shagonsa, yi mashi sallama ka wuce gaba. Kuma duk wanda ya kira ka Alhaji alhali ko Illela ba ka taɓa ƙetarewa ba, riƙe aljihunka da kyau.

Da mota ta sauke ni Wurno, Sahabi na bakin tasha yana jira da amalanke, don ɗaukar inji. Ya dubi kwalin, ya dube ni.

Ya ce, “Yaya, ina injin?”

Na ce, “Baɗi in Allah ya kai mu.”

Ya kama gefe ɗaya munka ɗora bisa amalanke, shi ya tura har gida. Shi ya nemo doguwar gora, ya hau soro ya ɗaure eriya, don tun yana yaro shi ke gyara rediyon unguwa. Da ya zage ni ran nan gaban mutane, da ya fi mani sauƙi yau.

Bayan la'asar unguwa ta watse daga ƙofar Malam Danladi ta dawo tawa. Abin da nake so ke nan, kuma na samu. Na sa babbar riga na zauna gaba da rimot. Anka kunna, Sahabi na bisa soro yana juya gora, hoto ya fito da ƙyar cikin tsaki-tsaki. Ga mai labarai da hularsa, bakinsa na motsi, amma ba abin da ke fita sai shuuu. Na ƙure murya, shuuu ɗin ya ƙaru. Mutane sunka kasa kunne suna jira. Can sai wanga ɗan majalisa da ya fara tsokana ta ya ce, “Abdu, ashe bebiya ka auro muna.” Wurin ya kwashe da dariya, har mata cikin gida na jiyo su. Sunan ya bi ta har ta mutu. Wasu ma Mijin Bebiya sunka riƙa kira na a bayan ido.

Da wani mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ya rufe ta da zane, ya kira ƙanensa ya ce na yi wauta, ka yi haƙuri, zo mu san yadda za mu yi. Ni kuwa babu abin da ke cikin kaina sai yadda zan sa ta yi magana in rufe bakin 'yan majalisa. Na mai da ita wurin mai shago, ya ce kayan da ya fita ya fita. Ya nuna mani wani mai gyara, mai gyara ya ce sai an sauya wani abu a cikinta, in bar ta in dawo. Haka na riƙa zarya tsakanin Wurno da Sakkwato, sauran abin da ya rage na gandu na tafiya kuɗin mota.

Rani ya shigo, munka dasa tafarnuwa. Shekarar nan kuwa kanal ya fashe can sama, anka daɗe ana gyara, ruwa ya zama sai an yi rabo, kuma tsakanin ranarka da wata ranar taka akwai nisa. Tafarnuwa ta kai lokacin da take sa kai, lokacin da in ta sha ƙishi ba ta yafewa. Ranar ruwanmu ta matso, sai ga saƙo daga mai gyara cewa kayan sun iso, in zo a ɗaura gabana. Ranar ta faɗo daidai da ranar ruwa.

Sahabi ya ce, “Yaya, gobe ruwanmu na. Ka bari sai jibi.”

Na ce da asuba zan tafi, kafin ruwa shi iso wutsiya na dawo.

Ya ce, “In ba ka dawo ba fa? Wa za shi tsaya sama?”

Na ce, “Kai mi ya sa ka cika tsoro? Na ce ina dawowa.”

Ban dawo ba. Na iske mai gyara bai buɗe shago ba, da ya buɗe kuma babu wuta. Ya ce in tafi in bar ta, na ƙi, wai ina tsoron kada a cire mata kayan ciki masu kyau a sa tsofaffi. Na zauna bisa benci ina gadin talabijin, rana na tafiya, kuma na san sarai abin da ke faruwa a gida. Ba mantuwa na yi ba, Nura, kada wani shi gyara maka labarin. Ina zaune ina tunawa, na zaɓi in zauna.

Sahabi shi kaɗai ya yini yana gudu. In ya hau sama ya buɗe inda anka toshe, kafin shi sauko lambu an sake toshewa. Ba shi da bakin faɗa, kuma waɗanda ke sama sun ga babu ni. Matarsa da tsohon ciki ta fito ta riƙe mashi fartanya, ba ta iya ba. Har anka rufe ƙofar ruwa fangula kaɗan sunka jiƙa. Gulbi kuwa ga shi can muna hangen sa daga lambu, cike da ruwa, babu abin jawowa. Kafin wani rabon shi zagayo ganye ya kwanta, abin da munka tona bai fi kan yatsa ba.

Kai aikinka ya fi nawa hatsari. Ni tafarnuwa na bari ta mutu. Kai ranar da anka sa ka tsare asibiti, mai naƙuda ce za ta zo, ko yaron da maciji ya sara. Duk ranar da wani ya dogara da tsayuwarka, ko mi ya lalace a gidanka bar shi shi lalace, je ka tsaya inda anka ajiye ka. Kuma in kai da wani kunka haɗa kuɗi don abu, ko matarka ce, wannan abin za ka sayo. In ka canza shawara a kasuwa, dawo da kuɗin gida a sake zama.

Da anka gama tonon abin da ya samu, Sahabi ya same ni zaure ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ya ce yana son a raba gandu. Bai ambaci inji ba, bai ambaci ranar ruwa ba. Ƙofa ya buɗe mani in ce na yi laifi, na gane haka ko a lokacin. Ni kuwa na ɗaga murya na ce ruwa na Allah ne, asara kuma ba a kanmu anka fara ba, kuma tun yaushe ƙane ke tuhumar wansa kan abin da ya saya? Na ce in rabo yake so ga gona nan, shi auna shi ɗauka. Ya ce, “To, Yaya.” Ya tashi ya kakkaɓe gwiwarsa. Bai auna komi ba. Bayan sunan jaririnsa ya kwashe iyalinsa ya koma Goronyo, ya fara da dakon kifi bakin dam, daga baya ya kafa rumfar gyaran rediyo da talabijin a kasuwa. Kana ganin abin? Sana'ar da na tura shi ke nan.

Bebiya kuwa ta yi magana daga ƙarshe. Na kira mutane, waɗanda sunka zo ba su kai rabin na farko ba, don wutarmu ba ta iya ɗaukar ta. In an kawo wuta rabi-rabi hoton sai shi tsuke shi koma kamar tafin hannu, ta Malam Danladi kuwa na can tana aiki da batirinta. Ko damina ɗaya ba ta cika ba, wata rana anka ɗauke wuta anka maido da ƙarfi, ta yi tartsatsi, ɗaki ya cika da ƙauri. Shi ke nan. Don haka abin da ka rage wurin sayen ƙarama, ka sayi sitabilaiza da shi, abin nan mai daidaita ƙarfin wuta. In an ɗauke wuta a zare ta daga bango. In hadari ya taso a cire wayar eriya, ka koya wa matarka wannan tun ranar farko. A ɗinka mata riga saboda ƙura, amma kada a rufe ta tana da zafi.

Shekarun da sunka biyo baya ka gan su da idonka. Baffanka na zuwa in an yi rasuwa ko biki, mu gaisa, shi kwana gidan abokinsa, da safe shi hau mota. Kuna tsammanin halinsa ne rashin sakewa. Ba halinsa ba ne, da can in yana ba da labari har Innarka sai ta ajiye muciya don dariya. Na sayi inji daga baya, ka sani, har na canza wani. Duk ranar da na tayar da shi na ji ruwa na zuba cikin fangali sai raina shi ɓaci. Sau da yawa na shirya zuwa Goronyo, in kai bakin tasha in ce sai an gama girbi, sai bayan Salla, sai ƙafata ta yi sauƙi.

Bara da Gwaggonka Kulu ta rasu, mu biyu munka rage cikin 'ya'yan tsohonmu. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zo ya miƙo mani hannu ya ce, “Malam Abdu, ya haƙuri?” Malam Abdu. Yaron da na goya na ƙetare gulbi da shi, wanda tunda ya iya magana bai taɓa kama sunana ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, cikin ladabi, yadda ake gaida dattijon unguwa. Na amsa na ce da godiya, na shiga gida na zauna bakin gado. Innarka ta shigo ta same ni, na gaya mata. Na ɗauka za ta ba ni haƙuri. Ta tsaya ta dube ni ta ce, “Malam, ita bebiyar an kai ta birni ta yi magana. Kai shekara nawa yau ba ka yi ba?” Ta ɗauki butarta ta fita.

To ga abin da nake roƙon ka, kuma roƙo ne, ba umurni ba. In albashi ya shigo kada ka tafi Sakkwato kai kaɗai. Ka je rumfar Baffanka cikin kasuwa, kowa ya san ta. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda kake gaishe ni. Ka ce kana son talabijin ƙarama mai sauƙin kuɗi, kuma ba ka san komi a kanta ba, ko da kana ganin ka sani. Ka bari shi zaɓa maka. Duk abin da na rubuta maka a sama na dubawa, ya fi ni sanin sa nesa ba kusa ba, ni da asara na koya, shi da hannu. Abin da ya nuna maka shi za ka ɗauka, ko ba ta yi maka kyan gani ba. In ta wurinsa ce ka biya abin da ya ce, kada ka nemi ragi, kada kuma ka yarda shi ba ka kyauta. Gidanmu ya ci nasa ya isa.

Sannan ka ba shi buhun. Irin tafarnuwar kakanka ce, daga ɓarin lambun da yake na Baffanka, wanda bai auna ba. Ka ce mashi ɓarinsa na nan, ban sayar ba, ban ba kowa aro ba. Ka ce mashi in ji ni: kuɗin inji anka ba ni na sayo talabijin, ranar ruwa kuma ina sane na ƙi dawowa, abin da na faɗa cikin zaure kuma ƙarya ne, ba ruwan ƙaddara, ni ne. Ka ce ina neman gafararsa. Ka faɗa yadda na rubuta, kada ka sassauta don kana jin kunyata. In ka ga bakinka ba zai iya ba, miƙa mashi takardar shi karanta da kansa, har da wurin da anka kira ni Mijin Bebiya.

Na san aike ba ya isa ga irin wagga magana, ƙafata ya kamata ta je. Tsoro nake ji, Nura, shi ya sa na tura ka gaba. In ya yi shiru kada ka matsa mashi, yana da gaskiyar yin shiru. In ya ce in zo, ko ranar ruwa ce zan bar lambun in hau mota.

Allah shi tsare ka a inda ba na gani, shi tsare hannunka ga marasa lafiya, shi zaunar da kai da matarka lafiya, shi raba ka da sayen abu don idon mutane. Allah shi sa ka fi ni saurin cewa na yi kuskure. Ka gaida amarya, ka ce mata Innarka ta sa daddawa da kuka cikin kwanon shuɗi.

Abu ɗaya ya rage. In kun gaisa zai tambaye ka mutanen gida, ba ya fasawa. Ka kasa kunne da kyau lokacin da ya zo kaina, bayan ka ba shi saƙon. Ba sai ka rubuto mani doguwar takarda ba, ko direban motar kasuwa ka ba sallahu ya isa. Ka gaya mani kawai da wane suna ya kira ni.

Wassalam. Ka huta lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Abdu Mai Tafarnuwa, Wurno